’Yan ɗuran wuski: Sana’ar da ta ceto matatar Benromach

Manoman dawa a Nasko, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, sun san tsiro: hatsin da ake jiƙawa har ya fid da kai, sannan a shanya shi. Da shi ake zaƙaƙa kunu, da shi kuma masu burkutu ke dafa giyarsu. A ƙasar Sikotilan, tsiron sha’ir ne tushen wuski, barasar da ke cikin manyan hajojin da Birtaniya ke fitarwa waje. Musulunci ya haramta shanta, amma tarihin cinikinta ya taɓo batun da Najeriya ke fama da shi, wato sanin wanda ya cika kwalba da abin da ya zuba a ciki.

Dokar Sikotilan ba ta yarda a kira barasa wuski ba sai ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar katako. Wadda ake kira "single malt" kuwa, dole ta fito daga matata guda, da tsiron sha’ir zalla. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1960, akasarin matatun ba sa sayar da nasu a kwalba. Ganga-ganga suke miƙa wa manyan kamfanoni, su gauraya na wurare da dama, su liƙa sunansu. Ƙaramar matata za ta shekara 50 tana aiki ba wanda ya san sunanta.

Masu kantin kayan masarufi ne suka cike wannan giɓi. Sukan sayi gangar matata, su adana ta, su ɗura a kwalba da sunan wurin da aka tace ta da shekarar da aka yi ta. Kamfanin Cadenhead ya fara a birnin Aberdeen a 1842. Gordon & MacPhail kuwa kanti ne da aka buɗe a garin Elgin a 1895, daga baya ya koma hannun iyalan John Urquhart, wanda ya shiga a matsayin yaron shago. Sana’a ce ta mai dogon haƙuri, domin kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska duk shekara. A 2021 kamfanin ya fitar da wuskin da aka zuba a ganga tun 1940.

A garin Forres, kusa da Elgin, akwai matatar Benromach da aka gina a 1898. Ta sha sauya hannu, sannan aka rufe ta a 1983, lokacin da wuski ya yi kwantai a kasuwa, matatu da dama suka durƙushe. Gordon & MacPhail ya saye ta a 1993, ya sa sababbin tukwane, Yarima Charles ya sake buɗe ta a 1998. Abin lura shi ne, a 2023 kamfanin ya sanar cewa daga 2024 ya daina cika gangunansa a matatun wasu, zai dogara ga nasa. Tun da matatu suka gane sunansu ma haja ne, samun ganga mai kyau ya ƙara wa ɗan ɗura wuya.

A nan gida labarin ya sha bamban. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ce ta share hanyar hana shigo da barasar Turai Arewacin Najeriya a zamanin mulkin mallaka, kuma Neja na cikin jihohin da suka taƙaita sayar da giya bayan ƙaddamar da Shari’a a 2000. Duk da haka, barasar da ba a san inda aka tace ta ba tana yawo a jarka da ƙananan robobi. A 2015 mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo bayan shan ogogoro mai gubar methanol. A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, matakin da masu masana’antu suka yi ta adawa da shi da hujjar asarar ayyukan yi.