Ƙanzo: Abincin gindin tukunya da ya haɗa Masama da Jamhuriyar Dominika

Bayan sallar isha'i a Masama, an riga an kwashe tuwo, an kai wa maigida nasa zaure, yara sun kewaye kwano a tsakar gida. Amma mai girki ba ta gama ba tukuna. Tukunya tana nan bisa murhu, garwashi ya soma mutuwa, kuma a gindinta akwai wani ɓawo mai launin ƙasa-ƙasa da ya manne.

Ba za ta zuba ruwa ta wanke shi ba. Za ta bar shi ya ƙara bushewa da sauran zafin wuta, sannan ta sa cokali ta kankare, gobe da hantsi ta shanya shi a faifai inda kaji ba za su kai ba.

Wannan shi ne ƙanzo. A wasu garuruwan ƙasar Hausa abin zuba wa awaki ne. A Masama da ke ƙaramar hukumar Gwandu, da ƙauyukan Kalgo, da ma mafi yawan Kebbi, Sakkwato da Zamfara, abinci ne mai zaman kansa, wanda ake tarawa a buhu, a yi guzuri da shi, a kai shi kasuwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, can ƙetaren tekun Atlantika akwai wata ƙasa da mutanenta ke girmama gindin tukunya kamar yadda Kabawa ke yi, har ma su fi su nuna shi a fili.

Yadda ake samun ƙanzo mai kyau

Ba kowane ƙonannen abinci ba ne ƙanzo. Idan wuta ta yi yawa tuwo ya kama har ya yi baƙi, wannan ƙauri ne, kuma ɗacinsa ba ya fita ko an jiƙa shi kwana guda. Ƙanzon kirki ja-ja yake ko ruwan ƙasa, yana da ƙamshin gashi, kuma idan ya bushe yana karyewa ƙaras-ƙaras.

Sirrin yana wajen turara tuwo. Idan an tuƙa tuwon shinkafa da muciya ya haɗe, sai a janye itace a bar garwashi kawai, a rufe tukunya. A wannan ɗan lokacin ne na sama yake nuna sosai, na ƙasa kuma yake gasuwa a hankali. Mai gaggawa ba ta samun ƙanzo, mai sakaci kuma ƙauri take samu.

Irin shinkafar ma tana da tasiri. Ɗanyar shinkafar gida, wadda ba a yi mata gumi ba, ita ce ke narkewa ta yi danƙo, kuma danƙon ne ke kama gindin tukunya. 'Yar gwamnati da aka turara aka goge a masana'anta warwarewa take yi, ta fi dacewa da dafa-duka. Tuwon dawa, na gero da na masara su ma suna ba da ƙanzo, kowanne da ɗanɗanonsa, kuma akwai masu ganin na gero ya fi riƙe ciki.

Idan ƙanzo ya taru, sai a daka shi sama-sama a turmi, a wanke, a jiƙa har ya yi laushi ba tare da ya dame ba, a tsane shi. Daga nan a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attarugu, gishiri da ɗan man gyaɗa, wasu su ƙara dafaffen zogale ko rama. Kanawa za su kira shi kwaɗon ƙanzo. A wannan yankin an fi cewa datun ƙanzo, ɗan'uwan datun hoce.

Idan aka duba abin da ke cikin kwanon, akwai hatsi, akwai gyaɗa mai gina jiki, akwai ganye, kuma ba a hura wuta ko sau ɗaya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa manoma ke son sa a gona lokacin damina, ɗaliban makarantun kwana kuma suke cusa shi a akwati tare da ƙuli da garin kwaki.

Tutar da ake ci da rana

Jamhuriyar Dominika ƙasa ce a yankin Karibiyan mai mutane kusan miliyan 11. Tana raba tsibirin Hispaniola da Haiti, babban birninta Santo Domingo, kuma Sifaniyanci ake yi a can. Kada a haɗa ta da Dominika, wani ƙaramin tsibiri na daban da ke magana da Turanci.

Abincin rana shi ne babban abinci a gidajensu, kuma kusan kullum abu ɗaya ne: farar shinkafa, miyar jan wake, da naman kaza ko na shanu da aka dafa cikin romo, sai ɗan ganye ko soyayyar agada a gefe. Suna kiran wannan haɗin “la bandera”, wato tuta, saboda sun ɗauke shi alamar ƙasa kamar tutarsu. Mai cin shinkafa da wake a Jega ko Birnin Kebbi ba zai ji baƙunta a gaban wannan farantin ba.

Amma mai girki a can ba a yaba mata da shinkafar sama kaɗai. Ana jiran abin da suke kira “concón”, ana furta shi konkon, wato ƙanzon shinkafa.

Da gangan suke yin sa. Akwai tukunya mai kauri ta ƙarfe da suke kira “caldero”, wadda kusan babu gidan da ba ta. Ana fara zafafa mai da gishiri a cikinta kafin a zuba ruwa, sai shinkafa. Idan ruwa ya tsotse, sai a rage wuta sosai a rufe, man da ya kwanta a ƙasa ya soya shinkafar da ke taɓa ƙarfe. Ana kwashe ta sama tukuna, sannan a kankare ta ƙasa a zuba a faranti na daban, a ajiye a tsakiyar teburi. Mutum ya ɗiba, ya kwarara miyar wake a kai, ya ci da zafinsa. Sabuwar tukunya ba ta ba da konkon mai kyau sai ta sha mai ta sha wuta, kamar dai yadda matan Masama suka san halin tsohuwar tukunyarsu.

Bambancin a nan yake. Su suna cin nasu nan take, a gaban baƙo, a matsayin ɓangaren da ya fi daɗi. A Kebbi kuwa ajiya ne, ana shanya shi don ranar da ba a ɗora tukunya ba. Yanayi ya taimaka: a ƙasar da iska ke da danshi kusan duk shekara, shanya ba ta da sauƙi, alhali ranar bazara ta Gwandu tana busar da ƙanzo cikin wuni ɗaya.

Alaƙar yankunan biyu ta wuce kamanceceniyar girki. Hispaniola na cikin wuraren farko da Turawan Sifen suka kai bayi daga Afirka ta Yamma, kuma a kusa da Santo Domingo ne aka yi ɗaya daga cikin boren bayi na farko a nahiyar Amurka, a ƙarshen shekarar 1521, a gonar raken Diego Kolumbus, ɗan Kiristofa Kolumbus. 'Yan ƙabilar Wolof na Senegal ne suka jagoranci boren, mutanen da suka fito daga yankin da ya daɗe yana noman shinkafa. Har yau a Senegal ƙanzon shinkafa da kifi abin so ne, suna kiran sa “xooñ”. A Ghana kuwa kalmar Hausa ce ta zauna: ko a Accra ka ce “kanzo”, an san abin da kake nufi.

Me ya sa ake jin kunyarsa?

Kebbi ba baƙuwar shinkafa ba ce. Tun kafin a san injin casa, ana noman jar shinkafar Afirka a fadamun gulbin Rima da na Kwara, irin da manoman Afirka ta Yamma suka fara shukawa kimanin shekara 3,000 da suka wuce. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. A 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu.

Duk wannan ya ɗaga sunan jihar, amma shinkafar da aka riƙa tallatawa ita ce gogaggiya, mai kama da ta waje. Abincin da aka gada daga kaka da kakanni bai samu irin wannan gata ba. Har yanzu akwai gidajen da idan baƙo ya shigo ana cin datun ƙanzo sai a ture kwanon gefe, a aiki yaro ya sayo taliya. Amarya 'yar boko za ta ɗora hoton soyayyar shinkafa a WhatsApp, da wuya ta ɗora na ƙanzo, ko da shi ta fi so.

Wannan kunyar ba ta da tushe. Abincin da mutanen Iran ke kira “tahdig” suna gabatar da shi ga manyan baƙi, ƙanzo ne. Wanda Koriyawa ke kira “nurungji” suna sayarwa cikin leda a manyan kantuna, shi ma ƙanzo ne. Babu wanda ya fi na Kebbi dabara, tun da shi kaɗai ne cikinsu ake mayarwa cikakken abinci da ƙuli da ganye.

Tsadar rayuwa ta soma sauya lissafin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, har buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira dubu 70 a 2024. Gidajen da a da suke zuba gindin tukunya ga dabbobi suka koma kankarewa. Akwai kuma matan da suka mayar da shi sana'a: ba sa jiran ragowar tuwo, sai su dama ƙullu su shafa shi siriri a cikin tukunya mai zafi, su ɓamɓare, su sake shafawa, har su tara abin kai wa kasuwa a auna da kwano.

Na sayarwa ya fi tsabta a ido, kuma kaurinsa ɗaya. Sai dai waɗanda suka tashi da na gida sukan ce bai kai shi ƙamshi ba, domin bai sha turarin tuwo ba.

Murhu, hayaƙi da gas

Akwai wata matsala da ba a cika haɗa ta da zancen ƙanzo ba. Wutar da ta fi ba da shi, wato itace da kara a kan duwatsu uku, ita ce kuma ke cika madafa da hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana janyo mutuwar mutane kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu ne suka fi shaƙar sa. Itacen kansa yana ƙara nisa da tsada a arewacin Kebbi, inda daji ke ja da baya.

Gas ya fi tsabta, amma kilo ɗaya ya haura naira dubu a 2024, kuma mai gidan da ke ƙauye sai ya je gari kafin ya cika tukunyarsa. Waɗanda suka koma gas a Birnin Kebbi da Kalgo sukan yi ƙorafin cewa tuwo yana ƙonewa a tsakiya, gefe kuma bai kama ba, sai su haƙura da ƙanzon gaba ɗaya.

A nan ne girkin Dominika yake da abin koyarwa. Mafi yawan gidajensu sun daɗe da komawa gas, amma konkon bai ɓace ba, saboda ba su rabu da tukunya mai kauri ba. Laifin ba na gas ba ne, na tukunyar silba ce marar nauyi da ke tara zafi wuri ɗaya. Tukunyar da maƙeran gida ke zubawa da narkakken ƙarfe, irin da ake samu a kasuwar Jega, tana raba zafi daidai. Idan aka shafa ɗan man gyaɗa a gindinta kafin a zuba ruwa, aka mayar da wuta can ƙasa bayan an tuƙa, aka ba tuwon minti 15 zuwa 20 a rufe, ƙanzon zai fito, kuma zai ɓamɓaru da sauƙi fiye da na murhu.

Wajen ajiya ma akwai abin lura. Ƙanzon da aka ɗaure a leda bai gama bushewa ba yana yin fumfuna, musamman a watan Agusta da rana ke ɓuya. Haka ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa yana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lahani ga hanta. Tsofaffi sukan karya ƙanzon kusa da kunne kafin su ɗaure buhu: idan bai yi ƙara ba, sai a mayar da shi rana.

Nan da kaka, idan sabuwar shinkafa ta shigo, tukwanen Masama za su fi samun aiki, faifan shanya kuma za su cika a kan katanga da rufin rumbu. Wanda aka tara a lokacin shi ne zai kai wasu gidaje har bazara, lokacin da hatsi ke raguwa a rumbu kuma kwanon shinkafa ke ƙara kuɗi a kasuwa.