Sikabiyosa Mai Ruwan Ɗorawa: Furen Da Ba Ya Son Gata

A cikin furannin da Turawa ke shukawa a lambunan gidajensu akwai wani da ake kira sikabiyosa. Yawancin irinsa shuɗi ne ko shunayya, amma akwai guda mai launin ɗorawa-ɗorawa mai haske, kamar man shanu. Shi ne wanda masanin tsirran nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya sa wa suna Scabiosa ochroleuca a shekarar 1753.

Sunan ma yana da tarihi. Daga kalmar Latin da ke nufin ƙazuwa aka samo shi, domin mutanen Turai na dā sun ɗauka danginsa na maganin ƙaiƙayi. Ingilishi kuwa suka dubi kan furen, suka ga 'yan tsinkayen da suka fito daga cikinsa sun yi kama da fil ɗin da tela ya soka a ɗan matashinsa, sai suka raɗa masa suna da wannan.

Asalinsa daga busassun filayen ciyawa na tsakiya da gabashin Turai ne, har zuwa yammacin Asiya, inda ƙasa take da tsakuwa da alli, ba ta riƙe ruwa. Wanda ya manta da wannan, to, ya yi asarar shukarsa. Sau da yawa mai lambu yakan ga tsiron siriri, tausayi ya kama shi, ya zuba masa taki, ya yi ta ba shi ruwa safe da yamma. Sai ya yi ganye jingim, karan ya yi laushi ya kwanta, fure kuwa kaɗan. Abin da ya fi wannan muni shi ne laka. Sanyin hunturu bai cika kashe shi ba, amma in ruwa ya kwanta a gindinsa cikin watannin sanyi, saiwar ruɓewa take yi, bazara ta zo a tarar babu kome. Saboda haka masu ƙasar laka sukan gauraya ta da tsakuwa, ko su yi masa tudu, a wurin da rana ke dukansa sosai.

Akan shuka irinsa bayan sanyi ya wuce. Tsawonsa yakan kai ƙafa 2 zuwa 3, yana fure tun daga wajen watan Yuli har Satumba, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba sa rabuwa da shi. In ana tsinke furannin da suka bushe, sai ya yi ta fid da sababbi.

Amma fa ba a tsinkewa duka. Tsiron ba mai tsawon rai ba ne, 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu. Masu lambun da suka san hannunsa sukan bar kawuna biyu ko uku na ƙarshen kaka su nuna, irin ya zube da kansa, su sami 'ya'yan da za su maye gurbin uwar.