Kifi Bai Ƙare Ba, Hunturu Ne Ya Shigo

Daga ƙarshen watan Nuwamba, da zarar iskar arewa maso gabas ta fara kaɗowa da ƙurarta, kuka ɗaya ake ji a bakin ruwa tun daga Yawuri har Sabuwar Busa: ruwa ya hana. Masunci ya kwana a kan tafkin Kainji, gari ya waye ya janyo ragarsa, abin da ke ciki bai biya man da injinsa ya sha ba. Mata masu banda su tsaya a gaɓa da kwandunansu, su koma gida da rabin abin da suka saba. A kasuwa karfasa ta yi tsada. Mai saye ya ce dillalai ne suka haɗa baki, dillali ya rantse kifi ya ƙare a ruwa. Dukansu biyu ba su cinka ba. Kifin yana nan, wurin zamansa da yadda yake cin abinci ne suka canja, kuma rashin sanin haka na jawo asarar da ta fi ƙarancin kamun kansa muni.

Jikin kifi ba ya riƙe ɗumi irin na mutum ko akuya. Yadda ruwa yake, haka jininsa yake. Idan ruwa ya yi sanyi, abinci ya daɗe bai narke a cikinsa ba, yunwa ta ragu, yawo ya ragu. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ita ce ta fi nuna wannan hali. Ba ta fara ƙwai sai ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 24 a ma'aunin Salsiyas, idan kuma ya sauka zuwa digiri 11 ko 12 mutuwa take yi. Manyan tafkunanmu ba sa kaiwa can, amma ƙananan kududdufai da tankunan masu kiwon kifi a Kano, Zariya da Jos sukan huce sosai cikin dare. Shi ya sa masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke kuka da hunturu kowace shekara, kuma shi ya sa mai kiwon da ya ci gaba da zuba abinci kamar lokacin zafi yake ɓata ruwansa da kuɗinsa a lokaci guda: kifin bai ci ba, abincin ya nutse ya ruɓe.

To, raga irin ta kalli da ake shimfiɗawa a bar ta cikin ruwa, aikinta ya dogara ne da yawon kifi. Sai ya zo wucewa ya cusa kansa. Ƙugiya mai koto kuma sai da mayunwacin kifi. Kifin da ya lafe, ba ya yawo ba ya jin yunwa, duka biyun sun rasa shi.

A Kainji akwai wani dalili na biyu da mutanen tudu ba su cika sani ba. Kwara, wato Kogin Neja, sau biyu take kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, na damunar da ta sauka a nan kusa, mai laka da gurɓata, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Wannan ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan Gini, ya gangaro Mali, ya bazu a fadamun Masina tsakanin Mopti da Tambutu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya har lakarsa ta kwanta, sannan ya iso Najeriya wajen Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi. Ke nan a daidai lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, tafkin da aka kammala madatsarsa a 1968, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, yana cike maƙil. Ruwa ya haura cikin burugu da sauran ciyayin gaɓa, kifi ya watsu a cikinsu inda raga ba ta shimfiɗuwa. Ga shi kuma ruwan ya yi haske, kifi na hango zaren raga da rana ya kauce.

A tafkuna masu zurfi har wa yau, sanyin hunturu na juya ruwa. Lokacin zafi ruwan sama mai ɗumi yakan zauna a kan na ƙasa mai sanyi, ba sa cuɗanya, na ƙasan ya rasa iskar shaƙa saboda ruɓewar ganyaye da itatuwa, dole kifi ya taru a sama. Da hunturu ya huce saman ruwa, sai ya yi nauyi ya nutse, iska ta dama shi da na ƙasa. Daga nan kifi na iya sauka can zurfi ya zauna lafiya, ragar da aka kafa kusa da sama ta kwana wayam. A kwanakin farko na wannan juyi wani lokaci akan ji ruwa na warin ruɓaɓɓen ƙwai, a ga kifi ya taso yana haki da asuba. Ba lalle ne wani ya zuba guba ba, ruwan ƙasa ne ya hau. Masu kiwo cikin keji a kan tafki su ne suka fi shan wahalarsa, don kifinsu ba shi da wurin gudu.

Tsofaffin Sarkawa sun san duk wannan tun kafin a kafa cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa. Sukan ƙara wa raga nauyi ta sauka ƙasa, su nemi gurbi mai zurfi inda ragon ruwa da ƙurungu ke kwanciya, su bari sai rana ta ɗaga ta ɗumama bakin gaɓa kafin su jefa birgi. Giwan ruwa kuma, da yake mafarauci ne, yana nan inda ƙananan kifaye suka taru.

A fadamun Haɗeja da Nguru, da na Rima, labarin a juye yake. Can ruwa janyewa yake daga Oktoba, kifin da ya yi ƙiba a damina ya maƙale a tafkuna da kududdufan da ke ƙafewa kullum. Kamu ya yi sauƙi har yaro ma ya cika ƙwarya. Gaiwa ce kawai ke da dabara, ta nutse cikin laka ta jira wata damina. Sauran kuwa, in aka ga dama, ana iya kwashe su kaf a mako guda, da iyayen da 'ya'yan. Fadamun Haɗeja da Nguru dama sun riga sun ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Abin da ya saura ba ya ɗaukar irin wannan kwasa.

Nan ne ainihin haɗarin yake. Idan kamu ya ragu, ko ya yi arha fiye da kima, sai hannu ya kai ga kayan da ke cinye gobe. Mai raga yatsa uku ya koma yatsa ɗaya, wani ma gidan sauro yake ja. Ana tare bakin ƙorama da dumba, a jera gura irin wadda masunta 'yan Mali suka shigo da ita, babu abin da zai wuce ya koma babban kogi. A Kainji an daɗe ana fama da dala, doguwar ragar nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa da sunan kamun warangi, amma takan haɗo da 'ya'yan karfasa, faliya da giwan ruwa waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Jihohin Neja da Kebbi sun haramta ta tun cikin shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a kan tafkin. Dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, in ban da wadda aka keɓe don irin su warangi, ta kuma hana guba, nakiya da lantarki. Dokar na nan a takarda. Wanda ya je bakin ruwa da asuba ya san iyakar inda ta tsaya.

Guba ita ce mafi ƙazanta. Da can majimfa ake dakawa a zuba a kududdufi, ita ma ɓarna ce. Yanzu maganin ƙwari na gona ake tsiyayawa, irin su Gamalin 20, wanda sinadarinsa ya shiga jerin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009. Hunturu kuwa shi ne lokacin da gubar ta fi ta'adi, saboda ruwa ya tsaya ba ya gudu, kuma wannan kududdufin shi ne mashayar shanun Fulani, shi ne wurin wankin mata, wani wurin ma shi ake sha.

Argungu ta nuna cewa ana iya yin akasin haka. Ana rufe kogin Matan Fada, a hana kamun kifi a cikinsa har ranar bikin kamun kifi, Sarkin Ruwa na sa ido. Ranar da aka buɗe, da homa da gora kawai ake shiga, amma ana fito da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun taru a kansa. Bikin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, mutane sun fi kallonsa ta fuskar kiɗa da baƙi, alhali babban abin koyi a cikinsa shi ne hutun da ake ba ruwan. Garuruwa da yawa na da irin wannan al'ada ta rufe tafki sai ranar da mai gari ya ba da izini, kuma inda aka riƙe ta, kifinsu ya fi girma.

Sai kuma abin da hunturu ke yi wa shi kansa masuncin. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi takan rufe sararin sama har jirage su kasa sauka a Kano. A kan ruwa, mutum na iya rasa gaɓa gaba ɗaya, ga gabas ga yamma duk fari fat. Tsakiyar tafkin Kainji ya fi kilomita 20 faɗi, idan iska ta taso da hantsi igiyar ruwa takan yi ƙarfin da kwalekwale mai lodi ba zai jure ba. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968, waɗanda cikar tafki ke ɓoye su dab da sama. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ceto, amma fasinja nawa ne ke tambayarta kafin ya shiga? Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa. Wanda zai hau ruwa a wannan lokaci, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya ƙi jirgin da bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ya sanar da gida inda ya nufa, ya sa wayarsa cikin leda, ya ɗaure jarka marar komai mai murfi kusa da shi in babu rigar ceto.

Akwai kuma yaudarar da ruwa ke yi da asuba. Iskar waje ta fi shi sanyi, saboda haka wanda ya shiga kwance raga sai ya ji daɗi, ya daɗe. Alhali ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, kuma da ya fito da jiƙaƙƙun kaya jaura ta buge shi, abin ya ƙaru. Idan ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Alamun su ne kakkarwa mai tsanani, hannu ya kasa ɗaure igiya, magana ta sarƙe, barci ya rinƙa fizgar mutum. In kakkarwar ta tsaya alhali yana cikin sanyi, ba sauƙi ya samu ba, abin ya yi nisa ne. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a tsane shi, a lulluɓe ƙirji da kai, a ba shi shayi ko kunu mai ɗumi idan yana cikin hayyacinsa, a nufi asibiti. Kada a kanga shi dab da wuta, kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi. Ƙwayoyin da wasu matasa ke sha wai don su jure sanyi jin sanyin kawai suke kashewa, jikin na ci gaba da hucewa. Yaran da ake ɗauka kwarfar ruwa a jirgi sun fi manya saurin kamuwa. Da dare kuma, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki na fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, sannan tartsatsi ɗaya daga wurin banda ya isa ya cinye bukkokin tunga guda cikin iskar nan.

Mai saye ma yana da nasa rabon. Kifin guba ba shi da tambari a goshi, amma akwai abin lura: tulin da ya haɗa manya da 'yan mitsi-mitsi na kowane iri, babu sawun raga a wuyansu, cikinsu ya yi laushi da wuri, ko ana jin warin magani. A ɓangaren busasshe, wasu na yayyafa Sniper ko fiya-fiya don korar ƙwari, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Akan ce a guji kifin da ƙuda ba ya sauka a kansa, sai dai a hunturu ƙuda dama ya yi ƙaranci, don haka hanci ya fi ido amfani. Babu ma wani uzuri ga mai yayyafawar, don babu lokacin da kifi ke bushewa da kyau kamar hunturu. Wanki da ruwan zafi ba ya fitar da maganin duka. Idan bayan cin kifi mutane biyu ko uku a gida suka fara amai, zufa, dalalar miyau ko numfashi da ƙyar, kada a tsaya ba su manja ko madara. A kai su asibiti nan take, a tafi da ragowar kifin, a kuma faɗa wa sarkin kasuwa wurin wanda aka saye shi.