Siminti ya yi sauƙi, amma bango bai daina tsagewa ba a Tasawa da Mayahi

A watan Oktoba na 2024, bayan daminar da ta rusa dubban gidaje a jihar Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Damagaram, gwamnati ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin 100. Jama'a sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai duk wanda ya zagaya sababbin unguwannin Tasawa, ko ya leƙa shagunan da ake tayarwa a Mayahi da Kanambakashe, zai ga yaɓen da bai ci damina biyu ba ya tsattsage, daɓen ɗaki ya dare tun daga bakin ƙofa har ƙurya. Da ka tanka, sai a ce simintin zamani ne ba shi da ƙarfi. Ƙishirwa ce ke kashe akasarin wannan aiki, kuma magini ya fi kowa sani.

Siminti, ko na Malbaza ne ko wanda ya ƙetaro daga Najeriya, da ruwa yake kamawa, a hankali. Yana son a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. To yaushe muke gini? Bayan kaka, in an sayar da gero da wake, ko in ɗan ci-rani ya turo kuɗi daga Libiya ko Aljeriya. Wato daidai lokacin da iskar hunturu ke zuƙe duk wata laima, ko a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A yi yaɓe da hantsi, kafin la'asar fuskarsa ta bushe ta takure alhali cikinsa ɗanye ne, sai ƙananan tsagu su bazu kamar saƙar gizo.

Ruwan kuma ba kyauta ba ne. A ƙauyukan arewacin Mayahi, inda rijiya ke da zurfin da sai dabba ke jan guga, kowace ganga da amalanke ya kawo kuɗi ce. Mai gida yana lissafin buhu, yana lissafin kwano da ƙarfe, amma da wuya ka ga ya ware ko jika ɗaya don shayar da gini. Magini kuwa ya karɓi jinga; ranar da ya aje cokalinsa, ranar ya kama wani aiki. In mai kuɗin yana can ƙasar waje, hoto kawai ake tura masa ta WhatsApp, kuma a hoto kowane bango sumul yake.

Yashi ma na da nasa laifi. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ga shi nan a ƙofar gida, laushi gare shi kuma cike da ƙura. Irin wannan sai an cika masa ruwa a kwaɓi kafin ya yi daɗin shafawa, ruwan da ya yi yawa kuwa in ya ƙafe sai yaɓe ya motse. Yashi mai tsakuwa-tsakuwa, wankakke, sai an biya kuɗin ɗauko shi, shi ya sa ake kauce masa. Ga kuma ɗabi'ar nan ta jan buhu ɗaya ya yi aikin biyu. Daɓe ma haka: a zuba shi falan-falan a kan ƙasar da ba a jiƙa an kirɓa ba, ba a kuma yanka masa layin numfashi duk bayan mita 3 ko 4 ba.

Shafa siminti a kan ginin ƙasa kuwa rigima ce tun daga tushe. Laka na kumbura da damina ta motse da rani, siminti ba ya bin ta. Ruwa ya samu ƙofa ta wajen indararo, ya kwanta a baya, ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, wata rana ɓawon ya zubo gaba ɗaya. Makubar da iyayenmu ke yi da ɓawon ɗorawa ta fi dacewa da laka, ko da yake sai ana sabunta ta.

Masu cewa matsalar daga ƙasa take ba su rasa hujja ba. Wanda ya yi gini a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara a Tasawa, ko a gefen Gulbin Kaba inda ƙasa ke da laka, zai ga tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga, tana ƙara faɗi duk shekara. Wannan harsashi ne ke zama, kuma irin wannan tsagar ce mai haɗari. Akwai kuma simintin da ya daɗe a shago ya sha laima ya yi gudaji. Amma waɗannan ba su ne ke cika ido a unguwanni ba.

Asarar dai biyu ce: a biya yaɓe, a dawo a biya faci, ruwan sama kuma ya bi tsagar ya ci ƙarfe da tsatsa. Mai shirin gini bana, ka sa kuɗin ruwan mako guda cikin lissafinka tun kafin ka sayi buhun farko, kuma kada ka cika wa magini kuɗinsa sai yaɓen ya sha ruwansa a gaban idonka ko na wakilinka.