Sana'ar Gyaran Tsofaffin Tirelolin Kwana A Amurka: Inda Riba Take Da Inda Asara Ke Ɓuya

A shekarar 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motocin kwana da tirelolin kwana sama da 600,000 zuwa ga dillalai, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a tarihin wannan sana'a, kamar yadda alƙaluman ƙungiyar masana'antun, watau RVIA, suka nuna. Shekaru biyu bayan haka, a 2023, adadin ya faɗo zuwa kimanin 313,000. Annobar korona ce ta tura mutane neman hutu nesa da cunkoson otal da jirgin sama, daga bisani kuma Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin 100 a tsakiyar 2023. Da yake yawancin masu sayen sabuwar tirela da bashi suke saye, sai kasuwar ta yi sanyi. A irin wannan yanayi ne hankali ke komawa kan tsofaffin da ke jibge a bayan gidaje, waɗanda ake saye da araha a gyara.

Tirelar kwana da ake magana a kanta ta bambanta da babbar tirelar dakon kaya da aka sani a hanyoyin Nijeriya. Ƙaramin ɗaki ne mai tayoyi biyu, tsawonsa mita 4 zuwa 6, wanda mota ke ja a baya. A cikinsa akwai gado da wurin girki da ma'ajiyar kaya, wani lokaci har da makewayi. Kusan tara cikin kowane goma na abin da masana'antun ke fitarwa irin waɗanda ake ja ne, sauran kuwa masu injin kansu ne.

Sana'ar ta daɗe. Wally Byam ya kafa kamfanin Airstream a farkon shekarun 1930, kuma a 1936 ya fito da samfurin Clipper mai jikin alminiyam da aka ɗinke da ƙusoshin ribit kamar jirgin sama. Shi ne kuma ya jagoranci ayarin tireloli 41 daga Kep Tawun zuwa Alƙahira a 1959 da 1960, don ya nuna ƙarkon abin da yake ƙerawa. Kamfanin Thor ya sayi Airstream a 1980. A Kanada kuwa, a 1968 aka fara ƙera Boler a birnin Winnipeg, ƙaramar tirela mai jikin faiba da siffar ƙwai, wadda har yau masu gyara ke nemanta ruwa a jallo. Cibiyar masana'antar dai ita ce yankin Elkhart a jihar Indiyana, inda ake ƙera mafi yawan abin da ƙasar ke fitarwa. Masana tattalin arziki kan sa ido a kan wannan yanki, domin tirelar kwana na cikin abubuwan da magidanci ke fara fasa saye idan aljihu ya yi nauyin ɗauka. A 2009, lokacin durƙushewar tattalin arzikin duniya, rashin aikin yi a yankin ya kusa kai kashi 20 cikin 100.

Abin da ya ƙara wa ƙananan tireloli daraja shi ne damar kwana a dajin gwamnati kyauta. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, wadda ake kira BLM, tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, galibi a yammacin ƙasar, watau faɗin da ya ɗara na Nijeriya baki ɗaya. A mafi yawan waɗannan filaye an yarda mutum ya yada zango har kwana 14 cikin kowane kwana 28 ba tare da biyan komai ba. A kewayen garin Quartzsite na jihar Arizona akwai wuraren da ake yankar izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, kuma dubban mutane ke kwarara can don guje wa sanyin arewa. Sai dai a irin waɗannan wurare babu wutar lantarki, babu famfo a bakin ƙofa. Duk wanda zai je, dole ya tafi da wutarsa da ruwansa, ya kuma dawo da shararsa.

Ciniki tun daga ranar saye

Masu wannan sana'a sun yi ittifaƙi a kan cewa ranar saye ake cin riba ko a tafka asara. Babban abokin gabar tsohuwar tirela shi ne ruwa. Yawancinsu firam ɗin katako ne aka lulluɓe da siririn alminiyam, kuma da zarar gam ɗin da ya toshe bakin taga ko mahaɗar rufi ya bushe ya tsage, ruwan sama zai riƙa sulalewa ciki shekara da shekaru ba tare da an gani ba. Mai saye mai wayo yakan taka kowane lungu na daɓen, musamman bakin ƙofa da kusurwoyi, ya ji ko yana lotsawa. Yakan buɗe akwatunan bango ya duba tabon ruwa, ya shinshina warin ruma, sa'an nan ya kwanta a ƙasa ya caccaki shasi da sukudireba don ya bambanta tsatsar sama da wadda ta cinye ƙarfe. Idan daɓe ya ruɓe, a wasu samfuran sai an ɗaga jikin tirelar gaba ɗaya daga kan shasi kafin a sauya shi, aikin da kan ci watanni. Wannan ne ya sa masu jikin faiba suka fi tsada a kasuwar tsofaffi, domin mahaɗarsu kaɗan ce.

Abu na biyu shi ne takardu. Tirelar da ba ta da takardar mallaka, ko wadda lambar da ke jikin shasinta ta saɓa da ta takarda, tana iya ƙin yin rajista, kuma duk kuɗin da aka zuba mata sun zama na ajiya a bayan gida.

Da an kammala ciniki, gyara kan fara daga ƙasa. Ana kwance tayoyi a wanke boris a sake cika shi da giris, a duba aksul da sifirin da birki da fitilun baya. Tayar tirela ba kasafai take ƙarewa don tafiya ba, tsufa da rana ke kashe ta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: alal misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko da zanenta na nan daram, ya fi kyau a sauya ta. Bayan nan sai a cire tagogi da marfin rufi, a kankare tsohon gam, a shimfiɗa sabo, a tabbatar ruwa ya daina shiga. Wanda ya fara da fenti da labule kafin ya toshe yoyo, aiki biyu zai yi.

Iskar gas ma tana buƙatar kulawa ta musamman. Ana sauya tsofaffin tiyo da ma'aunin matsi, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Da yake gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa, saboda haka kusa da daɓe ake kafa na'urar da ke ƙara idan ya tsiyaya. Ana kuma sa wata na'urar mai gano gubar hayaƙi marar wari, tare da tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa.

Lissafin wuta da ruwa

A wajen wutar lantarki ne aka sami babban sauyi. Binciken cibiyar BloombergNEF ya nuna matsakaicin farashin batirin litiyam ya sauko daga sama da dala 1,000 a kan kowane kilowat-awa a 2010 zuwa dala 115 a 2024, kuma farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun 2010. Abin da a da sai da janareta da jarkar fetur, yanzu rufin tirela kan samar da shi shiru.

Amma lissafi ake fara yi kafin a je kasuwa. A ƙaddara ƙaramin firiji yana shan wat-awa 450 a yini, fitilu huɗu masu wat 3 na awa biyar su sha 60, fanka mai wat 20 ta awa takwas ta sha 160, famfon ruwa 30, cajin wayoyi da kwamfuta 120. Jimla wat-awa 820 ke nan a kullum. Batirin litiyam mai amfiya-awa 100 yana ɗaukar kimanin wat-awa 1,280, kuma ana iya shan kusan dukansa, watau zai riƙe gidan yini ɗaya da rabi. Batirin dalma mai girma ɗaya kuwa rabinsa kawai ake sha idan ana son ya yi ƙarko, kimanin wat-awa 600, wanda bai kai buƙatar yini guda ba, ga shi nauyinsa ya ninka na litiyam fiye da sau biyu. Na dalma ya fi araha ranar saye, amma na litiyam kan jure caji sau dubbai inda na dalma ke jure ɗaruruwa. Rauninsa shi ne ba a cajinsa idan sanyi ya kai na ƙanƙara.

Ta ɓangaren sola, faifai masu wat 200 a rana mai awa biyar ta cikakken haske za su ba da wat-awa 1,000 a takarda. Idan aka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya, saura 750, ƙasa da buƙata. Wat 300 ne zai ba da kimanin 1,125, ya bar ɗan rara don ranar hadari. Tsakanin faifai da batir ana sa na'urar daidaita caji, kuma kowace waya da ta fito daga batir sai an sa mata fiyus, domin siririyar waya marar fiyus na cikin abubuwan da ke haddasa gobara. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa tana shan sama da wat 1,000, saboda haka za ta ƙarar da wancan batir cikin awa guda. Masu ƙaramin ƙarfi kan haƙura da ita, su kafa fanka mai zuƙe zafi a rufi.

Ruwa shi ne ke yanke tsawon zama a daji, kuma kowace lita kilo guda ce. Kowace tirela tana da iyakar nauyin da masana'anta ta rubuta a jikinta. Idan nauyinta ba kaya kilo 700 ne, iyakarta kuma 1,000, to kilo 300 kaɗai ya rage. Tankin lita 80 da tukunyar gas da batir da faifan sola za su cinye kusan 130, saura 170 na abinci da tufafi da kayan aiki. Har ila yau, yadda aka jera kayan yana da muhimmanci: ana so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ya sauka a kan maƙalar mota. Idan kaya suka yi yawa a baya, tirelar za ta fara lilo a kan titi har ta iya kifar da motar da ke janta.

Riba ko asara

Ga mai gyara don amfanin kansa, ribar a fili take, domin ya kauce wa bashin banki da faɗuwar darajar da sabuwar tirela ke yi a shekarunta na farko, ya kuma huta da kuɗin masauki. Ga mai gyara don sayarwa kuwa, lissafin ya fi tsauri. Kayan gyara da awannin aiki kan wuce abin da aka ƙiyasta, saboda ɓarnar ruwa ba ta bayyana sai an ɓalle bango. Kasuwa kuma tana biyan suna fiye da wahala: tsohuwar Airstream ko Boler da aka gyara tana riƙe darajarta, amma tirelar da ba a san sunanta ba da wuya ta mayar da kuɗin ƙwadagon da aka zuba mata. Daɗin daɗawa, kuɗin da aka riga aka kashe kan ruɗi mutum ya ci gaba da zubawa a aikin da ya kamata ya bari, alhali abin da ya dace ya auna shi ne kuɗin da ya rage a kashe da farashin da zai samu.

A Nijeriya yawon kwana a daji don shaƙatawa bai zama al'ada ba, kuma matsalar tsaro a hanyoyi da dazuzzuka ba ta ba da ƙofar hakan. Duk da haka akwai abin dubawa ga 'yan kasuwa. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kayan sola da batura sun wadata a kasuwannin ƙasar, kuma masu walda da kafintoci da masu gyaran jikin mota suna nan a wurare irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Masu buƙatar ɗaki mai tafiya da wutarsa da ruwansa su ne 'yan kwangilar hanya da masu haƙar rijiyar burtsatse da masu safiyo da manyan manoma, waɗanda aikinsu ke kai su inda babu masauki. Wanda zai gwada wannan fage, zafi da ƙura da ramukan hanya ne za su zama ma'auninsa, saboda haka kuɗinsa ya fi dacewa da ƙarfafa shasi da sifirin, da sa abin tare zafi a rufi, kafin ya waiwayi ado.