FILIN MANOMA: Littafin Aljihu Ko Waya Mai Data?

Jama'a, in an gama maganar taki da ta fetur, tambayar da ta fi yawa a bakin manoman ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ita ce ta waya. Mutum ya sayar da albasarsa, kuɗi sun shigo, 'ya'ya suna matsa masa ya sayi babbar waya ta shafawa, irin mai cin data. Shi kuwa abin da ya dame shi guda biyu ne, watau inda zai ajiye lissafin gonarsa, da yadda zai san farashin kaya kafin dillali ya riga shi. To, bari mu duba al'amarin a tsanake, domin kuɗin da za a kashe ba kaɗan ba ne.

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba. A shekarar 1996 wani kamfani a Amurka mai suna Palm ya fito da wata 'yar na'ura kamar tafin hannu, wadda ba ta kira, ba ta amsa kira, aikinta kawai ta riƙe sunayen mutane da ranakun alkawari da ɗan lissafi. 'Yan kasuwar Turai suka riƙa yawo da ita a aljihu guda, waya a ɗaya aljihun. Da aka fito da iPhone a 2007, da wayoyin Android a 2008, sai waya ta haɗiye aikin na'urar duka, har aka daina yin ta. Mu nan ba ta ko iso gonakinmu ba. Wayar salula ce ta shigo Nijeriya a 2001. Saboda haka na'urar ajiye lissafi da manominmu ya sani ita ce littafin aljihu da alƙalami, sai ƙaramar waya mai maɓalli da tocila. Tsakanin waɗannan da babbar waya ne zaɓin yake.

ABIN DA ƘARAMAR WAYA KE IYA YI

Mutane da yawa suna zato sai da data ake aika kuɗi. Ba haka ba ne. Lambar nan ta banki da ake dannawa, mai farawa da tauraro, tana aiki a kowace irin waya, ko da sabis ɗin ya yi rauni. Waɗanda suka sayar da kaya a farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun Naira kuɗi suka ɓace a hannun jama'a, sun ga amfanin wannan. Haka kuma a 2012, zamanin Akinwumi Adesina yana Ministan Gona, da aka raba taki buhu biyu a rabin kuɗi, ta ɗan saƙon rubutu aka riƙa sanar da manomi, kuma ƙaramar waya ta isa ta karɓe shi. Jin farashi ma kira ɗaya ne. In kana da amintacce a kasuwar Mile 12 ta Ikko ko a Onica, ka kira shi da sassafe ya gaya maka yadda buhu ya kwana da motoci nawa suka sauke, shi ke nan.

Sa'an nan ga batir. Ƙaramar waya in ta sha caji sai ta yi kwanaki. Babba kuwa kusan kullum sai an kai ta wurin mai caji, a biya. Mutumin da ke kwana a fadama yana gadin injin ban ruwa ya san bambancin nan ba sai an gaya masa ba. In ta faɗa cikin kwami ma, asarar mai sauƙi ce.

INDA BABBAR WAYA TA FI

Amma fa kada a ce na raina ta. Akwai abu biyu da take yi wanda ƙaramar ba ta iyawa, kuma dukansu manya ne.

Na farko hoto. Mu malaman gona ba mu da yawa, ƙauyuka kuwa ga su nan birjik. Manomi ya kira ni ya ce, "Malam, ganyen albasata yana bushewa." To, me zan ce masa? Bushewar ganye iri-iri ce. Akwai ta ƙananan ƙwarin nan masu ɓuya a tsakanin ganye suna tsotsarsa har ya yi fari-fari, akwai ta ciwon nan mai sa tabo ruwan shuni, wanda ya fi yaɗuwa in akwai laima da raɓa, akwai kuma ta ƙarancin taki ko ƙishirwa kawai. Kowace da maganinta. Wanda ya fesa maganin ƙwari alhali ciwo ne, ya zubar da kuɗinsa, ciwon kuma ya ci gaba da ci. In kuwa ya ɗauki hoton ganyen kusa-kusa da rana, ya aiko ta WhatsApp, sau da yawa ina iya gane abin tun ban tashi daga inda nake ba. Mai saye a Kudu shi ma yakan so ya ga girman albasa da launinta kafin ya yi ciniki.

Na biyu saƙon murya. Wanda bai yi boko ba yana iya danna wuri guda ya yi magana da Hausarsa, a ji shi a Fatakwal. Wannan ya buɗe wa dattawa da yawa ƙofa.

Ana kuma faɗin labarin yanayi. Gaskiya ne Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, amma rediyo ma yana kawo shi, ba sai an sayi waya dominsa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin babbar waya ba ya ƙarewa ranar saye. Data kamar dokin haya ce, kowane wata sai an biya, in wa'adi ya cika ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba sai an sabunta. A watan Janairu 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kuma ku yi mini gafara in faɗi abin da kowa ya sani: yawancin datar da maigida ke saya ba a kan farashin albasa take ƙarewa ba, yara ne ke cinye ta da kallon bidiyo bayan sallar isha'i.

MAGANAR LISSAFI

Nan ne nake so mu daɗe. Albasa amfani ce mai yaudara. Daga rainon iri zuwa dashe, zuwa ban ruwa wata da watanni, kuɗi suna fita kaɗan-kaɗan, mutum bai ankara ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, man inji kaɗai ya zama babban kaya. Ran da aka sayar kuwa kuɗi sukan zo a dunƙule, sai mutum ya ga kamar duk riba ce. Wanda bai rubuta ba, ba zai san ko ya ci ko an ci shi ba.

Abin da ya kamata a rubuta shi ne kuɗin iri, da taki, da magani, da fetur lita nawa kowane mako, da ƙwadago, da buhu, da la'adar dillali, da kuɗin mota. Mai ajiya a rudu kuma ya rubuta buhu nawa ya zuba, ran nawa ga wata, da nawa ya kwashe bayan an tsince ruɓaɓɓu. Da wannan ne kaɗai zai gane ko jiran tsadar ƙarshen damina ya biya shi, domin albasa tana ramewa a ajiya, tana kuma ruɓewa.

Wannan aiki littafi ya fi waya iya shi, a ganina. Ba ya neman caji, ɓarawo ba ya sha'awarsa, ana rubuta shi da boko ko da ajami, kuma mai bin bashi da wanda ake bi suna iya duba shafi guda tare a gaban shaidu. Waya kuwa in ta ɓace ko gilashinta ya fashe, lissafin shekara ya tafi, sai fa wanda ya san yadda ake ajiye kwafinsa a intanet. Ku tuna kuma a watan Satumba 2021 an rufe sabis ɗungurungum a Jihar Zamfara, maƙwabciyarmu, makonni da yawa. Littafi babu mai rufe shi. Mai babbar waya ma ina ba shi shawara ya riƙe littafinsa, ya riƙa ɗaukar hoton kowane shafi in ya cika, ya zama yana da biyu ke nan.

WA YA KAMATA YA SAYA?

A auna da yawan kaya. A ce mutum yana da buhu 50, sanin kasuwa da nuna hoto suka sa ya sami ƙarin Naira 2,000 a kowane buhu. Naira 100,000 ke nan a ciniki guda, waya ta kama hanyar biyan kanta. Mai buhu 5 kuwa Naira 10,000 zai samu, datar 'yan watanni ta cinye su. Saboda haka mai fataucin albasa zuwa Kudu, da mai ajiya da yawa, da shugaban ƙungiyar manoma, su saya. Mai 'yan kwami kaɗan ya tsaya ga ƙaramarsa da littafinsa, rarar kuɗin ya sa a taki. In manoma goma suna fadama guda, waya ɗaya a hannun mai amana ta ishe su aiko da hoton ciwo.

Ko wace iri ka riƙe, layin ya kasance da sunanka da lambarka ta ɗan ƙasa, kamar yadda aka wajabta tun Disamba 2020, don in ya ɓace ka iya karɓo shi. Kada ka ba kowa lambar sirrinka ta banki, ko da ya kira ya ce daga banki yake ko daga ofishin rabon taki. In an ce an turo maka kuɗin kaya, kada ka dogara ga saƙon da ya shigo, akwai na jabu. Danna lambar bankinka ka ga kuɗin sun zauna tukuna, kana a ɗora buhu a mota.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana a kan shanya albasa kafin a zuba ta a rudu.