Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Buhun Shinkafa: Ilmin Haɗa Fasahar Bayanai da Kasuwanci

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa fadamun kwarin Rima, tun daga Argungu har zuwa Birnin Kebbi, suna cikin manyan wuraren noman shinkafa a Nijeriya. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa ƙananan manoma rance a watan Nuwamba na 2015. A watan Agusta na 2017 kuma aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu, wadda aka gina a lokacin domin sarrafa tan 120,000 na shinkafa a shekara. Idan harka ta kai wannan girma, littafin rajista da biro ba su iya riƙe ta. Dole a nemi na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, dole kuma a nemi mutumin da ya san na'urar ya kuma san harkar. Wannan maƙala za ta yi bayanin fannin da ke horar da irin wannan mutum a jami'a, wato Tsarin Sarrafa Bayanai.

Asalin Fannin

Wani abin sha'awa shi ne, kamfanin da ya fara sa kwamfuta aikin ofis na yau da kullum mai sayar da shayi da burodi ne. A shekarar 1951 kamfanin J. Lyons na Ingila ya fara lissafin kayan gidajen burodinsa da na'urar da ya sa wa suna LEO. A 1968 Jami'ar Minnesota ta Amurka ta buɗe ɗaya daga cikin kwasa-kwasan farko na wannan fanni. A 1970 kuma wani masani na kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ya fito da dabarar ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, wadda har gobe ita ce ginshiƙin yawancin rumbunan bayanai na bankuna da masana'antu. A nan gida Nijeriya, sabuwar manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta lissafa Tsarin Sarrafa Bayanai a matsayin digiri mai zaman kansa, kafaɗa da kafaɗa da Kimiyyar Kwamfuta.

Bambancin fannonin biyu shi ne, masanin kimiyyar kwamfuta ya fi damuwa da yadda na'ura ke aiki, shi kuwa masanin tsarin bayanai tambayarsa ita ce: wane bayani wannan ma'aikata take buƙata, wa zai shigar da shi, wa kuma zai yanke shawara da shi?

Misali Daga Bakin Sikeli

A ɗauka cewa mota ta shigo wata masana'anta ɗauke da tan 30 na shanshera. Ƙwayar shinkafa abu ne mai rai, tana numfashi, tana kuma riƙe ruwa. A lokacin girbi, danshin da ke cikinta yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Idan aka jibge ta haka a sito, za ta yi zafi, funfuna ya kama ta, ta canza launi. Shi ya sa ake busar da ita har danshin ya sauko zuwa kashi 14 cikin 100 kafin a adana.

To, a nan lissafi ke shigowa. Kilo 100 na shanshera mai danshi kashi 22 yana ɗauke da kilo 78 ne kawai na busasshen hatsi. Idan aka busar da shi zuwa kashi 14, nauyinsa zai koma kimanin kilo 91. Ke nan tan 30 ɗin nan zai koma tan 27 da ɗan ɗoriya, ba tare da an ɗauki ko ƙwaya ɗaya ba. Idan wanda ya tsara manhajar bai tanadi gurbin rubuta danshi kusa da gurbin nauyi ba, akanta zai ga giɓin kusan tan 3, a zargi mai tsaron sito da sata alhali bai ci nanin ba. Idan kuma aka zaftare kuɗin manomi da ka, ba bisa awo ba, shi aka zalunta. Na'urar ba ta yi kuskure ba; abin da aka ba ta ta mayar. Kuskuren na mai tsarin ne, domin bai tsaya bakin sikeli ya ga yadda aikin yake ba.

Ingantaccen tsari yakan sa a shigar da bayani sau ɗaya tak, a inda abin ya faru. Da an auna motar, lambar manomi da nauyi da danshi za su shiga rumbun bayanai guda. Daga nan akanta zai ga abin da za a biya, mai sito ya ga abin da ya shigo, injiniya ya san yawan abin da zai busar, manaja kuma ya kwatanta shansherar da aka saya da tsabar shinkafar da ta fito, wadda yawanci takan kai kusan kashi biyu cikin uku, saura kuwa ɓuntu ne da dusa. Ana iya kwatanta wannan da jijiyoyin saƙo na jikin mutum: ƙaya ta soki ƙafa, nan take hannu ya kai agaji.

Shirin rancen 2015 ma ya ba da darasi. An nemi manoma su buɗe asusun banki da lambar BVN, wadda aka fito da ita a 2014, amma duk da haka shirin ya yi fama da rashin biyan bashi, kuma a ƙarshen 2023 Babban Banki ya dakatar da karɓar sababbin buƙatun irin wannan rance. Dalilan suna da yawa, ciki har da ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonaki a Jihar Kebbi. Abin lura shi ne, lambar banki tana tabbatar da mutum ne kurum. Girman gonarsa, da abin da ya shuka, da abin da ruwa ya ci, sai an je gona an auna.

Abin da Ake Koyo

Karatun yakan ɗauki shekara huɗu, yana kuma tsaye ne bisa duwatsun murhu uku. Na ɗaya shi ne fasaha: rubuta manhaja, gina rumbun bayanai, haɗa kwamfutoci da kare su daga ɓarayin intanet. Na biyu shi ne kasuwanci: lissafin kuɗi, tattalin arziki da gudanarwa. Na uku, wanda ke ɗaure biyun farko, shi ne nazarin tsari, inda ɗalibi ke koyon yi wa ma'aikata tambayoyi, ya zana tafiyar aiki daga ƙofa zuwa ƙofa, sannan ya gano inda lokaci ko kuɗi ke zurarewa. Har ila yau akwai watannin koyon aiki a masana'antu ƙarƙashin shirin SIWES, wanda aka fara tun 1973. Haka kuma ana koyar da riƙon amana, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai riƙe da bayanan jama'a.

Shawara ga Ɗalibai da Malamai

Ɗalibin da ke sha'awar fannin ya riƙe Lissafi da Turanci da Fiziks da kyau, kada kuma ya raina darasin tattalin arziki. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, duk suna koyar da Kimiyyar Kwamfuta, wadda ita ma ƙofa ce ta shiga wannan aiki. Kafin cike fom, wajibi ne a duba kundin JAMB na shekarar domin sanin sharuɗɗan kowane kwas.

Su kuma malamai, ba sai makaranta ta mallaki ɗakin kwamfuta za su fara ba. Ana iya tura ɗalibai wurin mai injin casa ko mai shagon unguwa, su rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita na mako guda, su dawo su zana jadawali a allo, su nuna wane bayani ne ya ɓace a hanya. Ɗalibin da ya iya wannan da alli, ranar da ya zauna gaban na'ura ya riga ya san abin da zai tambaye ta.